Kunyar da Ta Rufe Bakin Barira

Shekara tara ke nan da rasuwar Barira, a damina irin wannan, gero yana fitar da kai. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗi, na kuma ce mata kada ta ƙara gishiri.

Barira ba 'yar uwata ba ce. Ita daga wani ƙauye ta wajen Korgom take, ni daga Maijirgi. Ciwo ne ya haɗa mu. Dukanmu mun yi ƙyanda muna ƙanana, bayanta zaizayar baki ta biyo, ta ci kunci, ta bar rami. Ciwon ya warke, amma tabon ya ɗaure muƙamuƙi. Haƙoran sama suka zauna kan na ƙasa, ba su sake rabuwa ba. Fiye da shekara ashirin ina cin tuwo ta giɓin haƙori biyu, in dama shi da miya, in tura da yatsa. A haka na yi aure, a haka na haifi ɗiyata Rabi, a haka mijina ya mutu ya bar ni.

Majo, babban ma'aikacin likitar garinmu, wato asibiti, shi ya tura ni Maraɗi. Ya ce akwai lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro, mai gyaran fuska, yana iya buɗe irin bakina. Can na tarar da Barira, gadonta kusa da nawa. Ni ba na magana sai dole. Ita kuwa bakinta a kulle, amma ba ta shiru, ta tsakanin haƙora take zuba.

"Ke 'yar Maijirgi, kin taɓa hamma?" ta tambaye ni ranar farko.

Na ce a'a.

"Ni ma. In an buɗe mu, sai na riga ki."

Zan faɗi yadda aikin yake, don wanda za a yi wa ya sani. Mai rufaffen baki ba a sa masa bututun numfashi ta baki. Ta hanci suke zurawa, kana farke, kafin su sa ka barci. Lokotoron ya gaya mini haka tun da wuri, da Hausa, bai ɓoye ba. Duk da haka, da na ji abin yana sauka ta bayan maƙogwarona, na tabbata mutuwa ce. Na haihu ni kaɗai a ɗaki ban yi kuka ba. Ranar nan na jiƙa zanena. Wata ma'aikaciya ta riƙe hannuna tana cewa, "Hajo, ja numfashi, yana shiga." Shi ke nan abin da na tuna.

Na farka an ɗebo fata daga ƙirjina an rufe ramin kuncin. Bayan kwanaki aka kawo madubi. Ban dubi kuncin ba. Harshena na duba, don ban taɓa ganinsa ba tun da na yi wayo. Barira kuwa ta cika alkawari. Wata safiya ta yi hamma, ta ji zafi har hawaye suka zubo mata, ta ce, "Ashe wannan ce abar da mutane ke yi a banza."

Kafin a sallame mu lokotoron ya zaunar da mu biyu. Ya ba kowace ɗaurin 'yan katakai masu faɗi, irin waɗanda ake danne harshe da su. A jera su, a cusa tsakanin haƙora, a riƙa ƙara ɗaya bayan ɗaya har muƙamuƙi ya yi ƙara. Sau uku a rana. Ya ce, "Ni na buɗe, riƙewa taku ce. Tabo yana ja kamar ɗanyar fata a rana. Yatsu uku su shiga a tsaye. Ranar da kuka ga biyu, ku dawo mini. Wanda bakinsa ya sake kullewa, amai kaɗai na iya kashe shi." Ya ce mu zama masu tsaron juna, tunda ƙasarmu ɗaya.

Aikin katakan ba shi da kyan gani. Ido yana ja, yawu yana dalala har ƙirji, mutum yana gurnani kamar akuya wurin haihuwa. Amma mun riƙe. Shekara uku muna haɗuwa ranar kasuwar Tasawa, bayan rumfar masu tukwane. In wanke hannu in auna nata, ta auna nawa. In uku sun shiga, sai mu raba kilishi. Tana tauna tana yi mini tsiya, wai yatsuna na masu daka ne, uku nawa huɗu ne na mutane.

Sai aure ya zo mata. Mutumin kirki ne, manomi, matarsa ta rasu. Shi ya gan ta ya ce yana so, ita ma tana so. Na yi mata murna, ban yi tunanin komai ba. Gidan babba ne. Uban miji yana nan, uwar miji tana nan, yayyen miji da matansu, duka tsakar gida ɗaya, ɗakinta kuma zana ce kawai ta raba shi da na tsohuwar. Kowa ya san amarya ba ta cin abinci gaban surukai, ba ta ko shan ruwa. To wadda ba ta iya kai loma baki a gabansu, yaya za ta zauna da katakai a baki tana gurnani suna ji?

Wata shida ba ta zo kasuwa ba. A na bakwai ta zo tare da uwar mijinta, mayafi ya rufe ta har hanci. Na gaida tsohuwar, na sayo fura na miƙa wa Barira. Ta ce azumi take yi. Maganar ta tsakanin haƙora ta fito, irin ta da. Na ji ta sarai.

Tsohuwar ta ce, "Ai ɗiyar nan tawa akwai kunya. Wata bakwai tana gidana, ban taɓa ganin bakinta yana motsi ba. Allah ya yi mata albarka."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Yabo ne. Ni kuma na ce amin. Hannuna yana nan, mayafin yana nan, taku ɗaya ne tsakaninmu. Ban ɗaga shi ba, don ba a tozarta mace gaban uwar mijinta. Na ce a raina sai kasuwa mai zuwa.

Ba ta sake zuwa ba. Ciki ne da ita, zazzaɓin damina ya kama ta, amai ya taso bai samu hanya ba. Suka sa ta a amalanke da rana tsaka za su kai ta Tasawa. Mijin ya gaya mini ya sa cokali, ya sa kotar lauje, haƙoran ba su motsa ba. Ba su kai rabin hanya ba. Da mata suka zo raba kayanta, suka tarar da katakan a ƙasan kwalla, a naɗe cikin tsumma. Ba wanda ya san na mene ne a gidan.

Wani lokaci ina tunanin me za ta ce da ta ga yau. Babura sun yi yawa, tafiyar da ta cinye ta yanzu ba ta kai dahuwar wake ba. A likita suna buɗe bakin yara suna duba dasashi, ana kama ciwon kafin ya huda kunci. Da ta ji daɗin wannan. Da kuma ta sami waya ta ishe ni da surutu. Amma na san abin da za ta fara yi. Hannuna za ta ture, ta ce in buɗe baki.

Ga abin da ya sa nake wannan magana. Bara ruwa ya rushe mini ɗaki. Rabi da mijinta Sani suka ɗauko ni zuwa Mayahi. Zama gidan suruki ba daɗi, ko yana da kirki, kuma Sani yana da shi. Gidan ƙarami ne, yana gyaran babura a ƙofar gida, yana shiga yana fita. Na ce bari in bar aikin katakan sai ya fita. Daga sau uku na koma sau ɗaya. Daga nan sai ranar da ya tafi ƙauye. Na gaya wa kaina shekara goma sha uku ta wuce, tabon ya gaji.

Bai gaji ba. Makon jiya na kai lomar tuwo, ta goge a haƙori. Na shiga bayan ɗaki na auna. Biyu, da ƙyar. Tun daga ranar ko tari na yi sai gabana ya faɗi, ko ƙamshin man ja ya tayar mini da zuciya sai in riƙe bango. Ni da na ga ƙarshen Barira, hanyarta na bi taku bayan taku, kuma dalilin ɗaya ne.

Kwana huɗu ina ɓoyewa. A na biyar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, na jera katakan. Sani ya shigo ɗaukar ruwa, ya gan ni yawu yana zuba, ya juya da sauri zai fita.

Na cire su na ce, "Sani, dawo."

"Inna, ban san kina nan ba. Ki gafarce ni."

"Dawo ka duba. Yatsu nawa ke shiga?"

Kansa a ƙasa ya ce, "Inna, wannan ai ba tsarina ba ne. Bari in kira Rabi."

"Rabi kuka za ta yi ta ce ba komai. Kai nake so. Nawa?"

Ya ɗago, na cusa yatsuna a baki. Ya ce biyu. Na gaya masa uku ake so, na gaya masa abin da ke faruwa in ya kai babu. Ya ajiye butar da ke hannunsa. Sannan ya ce jibi zai rufe wurin aikinsa, mu tafi Maraɗi.

Jibin nan gobe ne. Ban sani ba ko lokotoron yana nan, ko wani ne a madadinsa. Ban sani ba ko katakai za su isa, ko sai an sake zura mini bututun nan ta hanci. Zan je duk da haka.

Barira ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba. A gidan mijinta har yau in an ambace ta cewa ake, Allah ya jiƙan mai kunya. Ba ƙarya suke yi ba. Ni abin da ta bar mini tsoro ne, kuma ba na roƙon Allah ya cire mini shi, don shi ya zaunar da ni a tsakar gida gaban surukina. Duk mai irin bakinmu a gidansa, amarya ce ko tsohuwa, kada ya yaba mata don ba a ganin tana ci. Ya tambaye ta. In ta ƙi, ya ɗaga mayafin. Za ta yi fushi, amma mai rai ce ke fushi.

Allah ya jiƙan Barira, ya yafe mini amin ɗin da na ce a kasuwa.