Akushin Kande

Kakata Iya Dije ba ta yin tatsuniya kyauta. Sai an zazzage buhun gyaɗa a tsakar gida, kowa ya ja ƙwaryarsa yana ɓara, sannan bakinta yake buɗewa. Da ta ji ƙarar ɓara ta ragu, sai ta katse magana a tsakiya, ta hau gyaran wuta kamar ba ita ce mai ba da labarin ba, har sai hannuwa sun koma aiki. Da kaka ake wannan zama, bayan an ci tuwon dare, a ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta, inda gona take manne da gona, kowane gida kuma yana jin tarin maƙwabcinsa. Wutar ta karan dawa ce, mai saurin ci da saurin mutuwa, saboda haka Iya ba ta rabuwa da damin kara a gefen tabarmarta.

A kusa da ni kullum Rabi ce, 'yar maƙwabtanmu. Darni ɗaya ya raba gidajenmu, shi ma mun huda shi ta ƙasa don kada mu sha zagaye. Ni ce mai surutu da gardama, ita ce mai shiru da saurin hannu. Kafin in cika rabin ƙwarya ta cika tata, ta riƙa zuba min a ɓoye. Iya tana gani, sai dai ta ce, “Kulu, bakinki ya ɓare gyaɗar da ta fi ta hannunki yawa.”

Iya tana da tata hanyar buɗe labari. Takan ce, “To, ga ta a bakin ƙofa, a buɗe mata ko ta wuce gaba?” Mu ce ta shigo. Tatsuniyoyinta da yawa na manta, wasu kuma sun cuɗe da juna a kaina. Guda ɗaya ce ta ƙi barina, kuma ita ce wadda a lokacin na fi rainawa, don babu dodo a ciki, babu waƙa, babu wanda aka yi wa wayo.

Wai wasu ƙawaye ne, Kande da Tabawa, tare suka tashi kamar ni da Rabi. Aka aurar da su a ƙauyuka biyu, fadama ɗaya ce a tsakani. Idan Kande ta hau turmi ta leƙa ta kan danga, tana hango rimin garin su Tabawa. Da fari suna ziyartar juna. Sai haihuwa ta zo, ga daka, ga surfe, ga abincin 'yan gona. Kande tana yin daddawa, Tabawa tana yin ƙuli-ƙuli. Wata rana Kande ta shirya zuwa, baƙi suka faɗo, sai ta zuba daddawa a akushi ta ba wata mai tallar nono da ke ratsa ƙauyukan biyu, ta ce ta kai wa ƙawarta, ta ce mata tana nan tafe. Tunda kuwa ba a mayar da kwano wayam, Tabawa ta cika shi da ƙuli-ƙuli ta mayar, ita ma ta ce tana nan tafe.

Haka akushin nan ya zama ɗan aike. Duk ranar kasuwa zai tafi, ranar kasuwa ta gaba ya dawo. Kande takan ce in an gama shuka za ta je. A gama shuka, sai noma. A gama noma, sai yaro ya kwanta. Yaro ya tashi, sai girbi. Ita kuwa ranta a kwance yake, don duk lokacin da ta ga akushi ya dawo a cike, ta san ƙawarta tana lafiya. Mai nonon ta tsufa, 'yarta ta gaji talla, ta gaji akushin, amma ba ta gaji labarinsa ba, ta dai san gidan da ake karɓa da gidan da ake kaiwa. Wani lokaci Kande ta gutsiri ƙuli ta ce, “Hannun Tabawa ya fara tsufa, gishiri ya yi yawa.” Ta yi dariya ta cinye.

Sai da 'ya'yanta suka yi aure, surukai suka karɓi girki, sannan Kande ta samu kanta. Ta wanke mayafi, ta ɗauki akushin da hannunta, ta ratsa fadama. Tafiyar ba ta kai ta ji ƙishirwa ba. Ta yi sallama, wata matashiyar mata ta fito, ta ga akushin ta gane shi, ta ce, “Ashe ke ce mai daddawa.” Kande ta ce ita ce, ina Tabawa? Matar ta ce ai surukarta ce, ta daɗe da rasuwa, tun ita tana amarya a gidan. Ta ga kwano yana zuwa, ba ta san na wane ne ba, ta ji kunyar mayar da shi ba komai, sai ta ci gaba da zubawa. Ta nuna wa Kande ɗakin Tabawa, an cika shi da harawa.

Nan Iya ta tsaya, ta tura kara a wuta ta ce, “Iyakar inda na ji ke nan, wanda ya tsinci saura ya riƙe abinsa.”

Ni ban yarda ba. Na ce ƙarya ce, ai idan an yi mutuwa ana aikawa. Iya ta ce ai an aika, ɗan aiken ya tarar ana suna a gidan Kande, ya ga bai kamata ya ɓata musu taro ba, ya ci abinci ya koma. Na ce to Kande sakarya ce, fadama ɗaya kawai. Iya ta dube ni ta ce, “To, mai wayo, zaɓar mata ranar. Ranar da ɗanta ke fama da ƙyanda, ko ranar da ake ɗauke dawa hadari na haɗuwa?” Na ja ƙwaryata na ci gaba da ɓara.

Rabi ce ta yi tambaya, a hankali kamar yadda ta saba. Ta ce, “Iya, to laifin wa?” Iya ta ce, “Da na sani da na faɗa miki, 'yar nan.” Haushi ya kama ni, don tatsuniya a wurina dole a samu mugu a ciki a hukunta shi. Na kama hannun Rabi na ce mu dai ko bayan duniya aka kai ɗayarmu, ɗayar za ta bi ta. Iya ba ta yi mana dariya ba. Ta ce Allah ya ba mu iko, mu ƙarasa gyaɗar.

Ba bayan duniya aka kai ni ba, Kano ce, nan kusa. Na yi karatun jinya, na samu aiki a ɗakin haihuwa na wani asibiti, na yi aure a birni. Rabi ta yi aure a wani ƙauye gaba da namu kaɗan, tana kiwon awaki tana sayar da man gyaɗa. Iya ta rasu, iyayena suka bi ta, gidanmu ya koma hannun 'yan uwan da gaisuwa kawai ke tsakaninmu, sai zuwana ya ragu. Da waya ta shigo hannun kowa, na yi murna na ce mu kam mun fi Kande sa'a. Da farko mukan yi hira har kunne ya yi zafi. Daga baya hirar ta koma saƙon murya, saƙon murya ya koma hoton barka da Juma'a.

Wanda bai yi aikin ɗakin haihuwa ba ba zai gane ba. Naƙuda ba ta san Asabar ba, ba ta san Lahadi ba. Ka fito daga aikin kwana idonka kamar an zuba barkono, ka tarar da gida yana jiranka. Ga yara, ga mahaifiyar maigidana da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a ɗakina, ba ta yarda kowa ya juya ta ko ya yi mata wanka sai ni. Wayata ta koma hannun babbar 'yata Hafsat. Nakan ce mata, “Ga saƙon Anti Rabi can, ki amsa mata, ki ce ina gaishe ta.” Tana amsawa, amsa tana dawowa, ni kuma raina a kwance, na san Rabi tana lafiya.

Wata rana Hafsat tana dariya ta ce, “Umma, kin san ba Anti Rabi ke rubutowa ba? 'Yarta ce. Mun ma zama ƙawaye.” Ni ma na yi dariya, na ce ashe mu biyun duk mun ɗauki ma'aikata. Ina cikin dariyar na tuna akushin Kande. Na karɓi wayar na kira, na ce a ba ni Rabi da kanta.

Muryarta tana nan yadda na san ta. Bayan mun gaisa ta ce, “Kulu, ba ƙin rubuto miki nake ba, rubutun ne ba na gani. Idona yana rufewa ta gefe-gefe, kamar ina leƙe ta ramin darni. An kai ni asibiti, sun ce hawan jinin ido ne, wai na makara.” Na san ciwon, na kuma san abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma sai dai a ja masa lokaci. Na hau yi mata bayanin magani irin na ma'aikatan asibiti. Ta bar ni na gama, ta ce, “Duk an faɗa min wannan. Ni dai ki zo in ga fuskarki tun ina iya gani.”

Na ce ina nan tafe, kuma har ga Allah da gaske nake. Na nemi hutu, aka ce mutum biyu sun tafi hutun haihuwa, in jira su dawo. Na shirya da wata abokiyar aiki ta riƙe min kwana ɗaya, ranar ta tashi da rasuwar yayanta. Na sake sa rana, tsohuwa ta zamo daga gado, muka kwana da ita a asibiti. Babu ɗaya a cikin waɗannan da zan iya cewa ƙarya ne ko uzurin banza. Nakan zauna in yi ta juya su ina neman wanda ya kamata in ture in wuce, in rasa. A lokacin ne tambayar Iya ta dawo min, wadda ta ce in zaɓar wa Kande rana. Na yi shekaru ina ɗauka labarin gargaɗi ne ga masu sakaci. Yanzu ina ganin Iya ba gargaɗi take yi ba, faɗa mana take abin da ke zuwa, kuma saninsa bai ba ni ko yini ɗaya ba.

Da na samu tafiya, damina ta riga ta wuce. Na fito daga aikin kwana ban biya gida ba, na hau motar Ɗambatta, daga can na hau babur. Na tarar da Rabi zaune a inuwar rumbu tana tsince wake da lalube. Na yi sallama, ta ɗaga kai, ta kalli gefen da ba nan nake ba.

“Kulu,” ta ce, “har yanzu sallamarki kamar mai zuwa faɗa.”

Na zauna kusa da ita. Ta ce kada in yi kuka, tana jin numfashina. Ta ce haske da duhu kawai take bambancewa, tun wajen tsakiyar damina. Ba ta ce na makara ba, da ta faɗa ma da na fi samun sauƙi. Ta kamo hannuna ta shafa, ta ce, “Faɗa min, kin yi ƙiba ko kin rame? Akwai furfura?” Na ce furfura har ta gaji, ga gilashi ina sawa. Ta yi dariya ta ce ita ba ta san wannan matar ba, Kulun da ke wurinta ita ce wadda ta zo sunan autarta da jan mayafi, kuma da ita za ta zauna.

Mun yi hira, amma rabin hankalina yana kan rana, don da magariba zan karɓi aiki, kuma babu mai karɓa min. Wayata ta yi ta ruri a jaka, gida ne, tsohuwa ta ƙi cin abinci sai na dawo. Rabi tana ji. Ita ce ma ta ce in tashi kada in rasa mota. Ta dafa kafaɗata ta raka ni har zaure, tana lissafa mutanen da zan gaisar mata.

A bakin ƙofa ta ce, “Sai yaushe kuma?”

Na yi ta neman ranar da zan faɗa wadda na tabbata tawa ce, ban samu ba. Na ce, “Bayan Sallah, in Allah ya yarda.”

Ta ce Allah ya kai mu. Ba ta tambaye ni wace Sallar ba.