Sun Karrama Tulasa Har Ta Daina Shiga Aji

Ranar bikin tarbar sababbin ɗalibai a kwalejin garinmu, an cire Tulasa Khadka daga layin 'yan ajinta, an hana ta kunna fitila, an shafa mata rawaya a goshi alhali kowa ja aka shafa masa. Dalilin ɗaya ne: mijinta ya mutu. Ina wurin, a bencin baya, ba labari aka ba ni ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin ya san yadda ake yi. Tsofaffin ɗalibai su tsaya da faranti, sababbi su jeru, a ɗora wa kowa jar tika a goshi, wato ɗigon jan gari na sa albarka, a rataya masa furanni a wuya. Daga nan wanda ya fi shekaru cikin sababbin ya hau dandamali ya kunna fitilar tagullar nan mai lagwani biyar, sai a ɓalle da waƙa da rawa. Tun da aka buɗe kwalejin haka ake yi. Bana Tulasa ce babba, shekararta arba'in da takwas, babu ma wanda ya kusa da ita. Amma da aka zo wurin fitila, Bhuwan mai gyaran babur muka gani yana ƙyasta ashana, yaron da ta haifi wanda ya girme shi.

Ni ce Menuka, mai shagon ɗinkin da ke kallon ƙofar kwalejin. Rabin kayan makarantar da ke jikin yaran nan daga kekena suka fito, har da nata. Da Tulasa muka yi makaranta tun daga aji ɗaya har aji goma, a nan cikin tsaunukanmu na Nepal, kuma tun a lokacin ba ta barin malami ya huta. An ce mana duniya juyawa take yi, kowa ya rubuta ya yi shiru, sai ga hannunta a sama.

"Malam, in tana juyawa, me ya sa kullum dutsen bayan gidanmu yana bayan gidanmu?"

Ta sha rula a tafin hannu, kuma washegari ta sake tambaya.

Bayan aji goma ta auri Hom Bahadur, direban motar haya mai zuwa birnin Pokhara, mutum mai yawan dariya. Sun zauna lafiya, suka haifi maza biyu, yanzu duk suna aiki a Katar. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwon hanta ya ɗauke shi. Aka fasa mata awarwaro, ta ninke jajayen zannuwanta ta ba ƙannenta, ta cire jar tsakiyar wuyanta, kamar dai yadda kowace macen da mijinta ya mutu ke yi a nan. Ba ta yi wa kowa gardama ba. Ta rungumi ɓaunarta biyu na kiwo, tana tatsa tana kai madara kasuwa.

Lokacin da gari ya tashi gina kwalejin, kowane gida ya ba da hannu. Tulasa tana cikin matan da suka riƙa goyo duwatsu a kwando daga bakin kogi. Da aka gama, ita aka bar wa ciyawar bayan azuzuwa, ta riƙa yanka wa dabbobinta. A nan abin ya samo asali. Karatun kwalejin da sanyin safiya ake yi, a tashi da hantsi, don kusan kowane ɗalibi yana da shago ko gona ko aikin da ke jiransa. Ita ma da sanyin safiya take yankan ciyawa, daidai ƙarƙashin taga.

Wata rana ta sauke kwando a ƙofar shagona, laujenta a ƙugu.

"Menuka, me ya sa mutane ke barin tudu su koma kwari?"

"Yunwa mana. Wannan har tambaya ce?"

"Ni ma haka na ce. Amma malamin ya ce dalilai huɗu ne. Ya faɗi biyu sai kwandona ya cika."

"To ki koma gobe ki ji sauran."

"Ai yau ce goben. Wani malami na tarar, lissafi yake ta yi."

Na yi dariya na ci gaba da taka keke. Ita kuwa ba wasa take ba. Ta je sakandare ta zauna cikin 'yan mata ta yi aji goma sha ɗaya da sha biyu. Turanci ya kayar da ita sau ɗaya, ta sake rubutawa, ta tsallake da ƙyar. Sannan ta zo ta tsaya a gabana ta buɗe hannuwa, wai in auna ta.

"Kayan kwaleji? Ke da gwiwar nan taki?"

"Da gwiwa ake karatu? Auna ni, malama, ki rage surutu."

Na yi zaton sati biyu za ta yi ta gudu. Abin da na gani daga ƙofar shagona ya sa na daina zato. Benci na mutum huɗu ne, su biyar suke matsuwa a nata. Tana zuwa da gugguru da soyayyen waken suya a aljihun riga, Bhuwan yana zura hannu yana sata, tana maka masa littafi a ka tana ce masa ɓarawon zaune. Suna ce mata Inna, amma irin Innar da ake tsokana. Ba wata haziƙa ba ce, a gwajin farko tana can wajen ƙasa, kuma da kanta ta zagaya tana nuna wa mutane takardar.

Babu abin da ake yi a kwalejin nan da ba ta leƙa ba. Ranar ba da jini ta miƙa hannu, ta hana ma'aikaciyar sakat da tambayar inda za a kai shi da wanda za a ƙara wa. Ta shiga ƙwallon raga, ƙwallo ta same ta a hanci, filin ya kwashe da dariya, ita ta fi kowa. Da aka je yawon shan iska bakin kogi, wata ta miƙa mata ludayin miyar wake, ta mayar mata. "Ɗaliba na zo, 'yar nan. Ke juya, ni rawa zan yi." Da ƙungiyoyin ɗalibai uku suka yi fushi da hukumar kwaleji kowace ta rataya kwadonta a ƙofa, Tulasa ta halarci taron dukkansu, ta dawo ta zauna a shagona tana juya abin. "In uku suka kulle, wa ke fara buɗewa? Wanda ya fara ai shi ya sha kaye. To haka za mu tsufa a waje?"

Bikin tarbar, kamar kullum, sai da zango ya yi nisa aka shirya shi. Ana gobe ta kawo mini rigarta in goge mata, tana tambayata ko daga dama ake fara kunna lagwanin ko daga hagu. Na ce ban sani ba. Ta ce za ta tambaya in ta hau.

Da safe tana tsaye a layi, Bhuwan a bayanta yana ja mata gyale. Sai Nirajan, shugaban majalisar ɗalibai, ya sauko daga dandamali, ya haɗa tafukansa ya sunkuya a gabanta.

"Inna, kamarki ba ta tsayuwa a layi. Ga kujera can sama."

Ya kama hannunta ya kai ta, ya zaunar da ita tsakanin shugaban kwaleji da manyan baƙi. Aka yafa mata mayafin girmamawa. Nirajan ya yi jawabi, ya ce ita abin koyi ce ga matan ƙasa baki ɗaya, aka yi ta tafi. Wata 'yar shekarar ƙarshe mai suna Pabitra ta hau da faranti, ta tsallake jan garin, ta kwance wani ɗan ƙullin ganye ta lakato rawaya ta ɗora mata. Sannan aka kira Bhuwan ya kunna fitila. Tulasa tana zaune a sama kamar wadda aka kawo daga wani gari, tana kallon 'yan ajinta suna rawa a ƙasa.

Na fusata, amma abin da ya fi cina shi ne son sanin wanda ya ba da umarnin. Na rufe shago na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Shugaban kwaleji ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce biki harkar ɗalibai ce, shi ma gayyatarsa aka yi.

Nirajan na tare a bakin ƙofa. Ya zaro waya yana nuna mini hotuna.

"Goggo, karrama ta fa muka yi! Dubi mayafin nan, daga Pokhara aka kawo shi."

"Na ga mayafi. Wa ya ce kar ta kunna fitila?"

"Babu wanda ya ce."

"To iska ce ta miƙa wa Bhuwan ashana?"

Ya shafa ƙeya. "Kin dai gane, Goggo. Buɗe shekara ne, ga iyaye cike da wuri. Kar wani abu ya faru daga baya a ce daga nan ne."

"Kai ne fa watan jiya ka cika mana kunne da lasifika kana cewa mace da namiji ɗaya ne."

"Ai wannan magana ce ta ƙasa baki ɗaya."

Pabitra kuwa da ƙafarta ta zo, wai in rage mata tsawon wando. Na bari sai da na durƙusa da allura a bakin ƙafarta, yadda ba ta da wurin gudu.

"Rawayar nan daga ina?"

Idonta ya kawo ruwa. "Kakata ce ta ƙulle mini a ganye. Ta ce kar in kuskura in sa mata ja a gaban mutane, cin fuska ne, kamar na ce ta manta da mijinta. Ita ma Kaka tun kafin a haife ni ba ta sa ja ba."

"Kin tambayi Tulasa wanne take so?"

"Goggo, da wane baki zan tambaya?"

Na juya abin nan a raina har na gaji. Na fita neman mugu guda in kama masa kwala, ban samu ba. Duk cikinsu babu mai ƙin ta. Kowa ladabi ya yi mata, kuma babu wanda ya buɗe baki ya tambaye ta.

Da na ga kwanaki sun ja ba ta wuce ta gaban shagona da jakar littattafai ba, sai na zagaya bayan azuzuwa. Tana nan ƙarƙashin tagar, cikin tsohon zanenta, tana yankan ciyawa.

"Fushi kika yi?"

"Da wa? Ai na koma, kwana biyu na yi." Ta ɗora dami a kwando. "Ina shiga Bhuwan ya miƙe tsaye. Bhuwan fa! Na ce zauna, ɗan banza, ya ce to Inna, ya koma bencin baya. Suka bar mini benci guda ni kaɗai, har da share shi. Na zube gugguru a kan tebur, har aka tashi ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba. Malami ya bi layi yana tambaya, da ya zo kaina ya yi murmushi ya tsallake. Sun mayar da ni babbar baƙuwa, Menuka. Baƙuwa kuwa in ta sha shayi tafiya take yi."

"Rawayar ce ta ja."

"Rawaya ba ta dame ni ba, shekara nawa ina sa ta? Da sun tambaye ni, wataƙila ita zan ce. Wataƙila kuma in ce ja, in ji yadda take a goshi yanzu. Ban sani ba, ban taɓa samun wanda ya tambaya ba." Ta tsaya da yankan. "Abin da nake so in sani, da na kunna fitilar me zai faru? Rufi zai rufto? Yaran za su faɗi jarrabawa? Bara mai mata biyu da rai ya kunna, rabin ajin suka faɗi."

"Ki tambayi malaminku mana."

"Na tambaya. Ya ce tambaya ce mai kyau, Inna, ya tattara takardunsa."

Na ce to dalilan nan biyu da suka rage, na barin tudu, ta dai samo su? Ta girgiza kai. Ba su kai babin ba tukuna, sai ƙarshen watan nan. Ta ɗaga ido ta kalli tagar, ta ce in an yi sa'a kwandon ba zai cika da wuri ba.

Matar da ta goyo duwatsun bangon nan, ta yi shekaru tana fama da Turanci don ta shiga ta ƙofa, ita ce za ta koma jin rabin darasi ta taga. Kuma dokar kwalejin kowa ya san ta: wanda fashinsa ya yi yawa ba ya zama jarrabawa. Kowace safiya da ta yi a cikin ciyawa, a kanta ake rubutawa.

Ranar Lahadi za a buɗe makon wasanni, kuma da fitilar nan ake buɗewa. To ga saƙona gare ku. Shugaban kwaleji, wannan karon kar ka ce gayyatarka aka yi, kai ne mai makaranta. Nirajan, ka je gidanta da ƙafarka kafin ranar, ba da mayafi ba, ka ce ta sa kayan makaranta ta zo ta tsaya a layi. A kira sunanta yadda ake kiran na kowa, a sa mata ashana a hannu. Pabitra, ki hau da ja da rawaya a faranti ɗaya, ki buɗe baki ki tambaye ta. Malamai su daina tsallake ta, in ba ta sani ba a ce mata ba ta sani ba. Kai kuma Bhuwan, ka koma bencinka ka matse ta, ka zura hannu a aljihunta ka saci guggurun nan, kafin a kai babin.