Kawuna da Giwan Ruwan Intanet

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka gurfanar da kawuna a kotu kan damfara ta intanet ba, mutumin da ko wayar salula sai an danna masa.

Masunci ne a wani ƙauye kusa da Wara. Yana da hoto guda da ya fi ƙauna a duniya: shi tsaye bakin ruwa, rungume da giwan ruwa mai tsawon mutum. Duk baƙon da ya shiga gidansa sai ya ji yadda aka yi kokawa da kifin nan. Maƙwabcinsa kuwa shekara da shekaru yana rantsuwa shi ya kama kifin, Kawu aro ya yi don a ɗauke shi hoto. Ba mai sauraronsa.

Lokacin ina koyarwa a Yelwa, shagunan intanet sun fara buɗewa. Ashe wani ɗan damfara ya sami hoton, ya liƙa a intanet, ya ce ga mai kamfanin kifi mafi girma a tafkin Kainji. Wani ɗan kasuwa daga Kudu ya biya kuɗin mota guda ta bandar kifi, ko ƙaya bai gani ba. Sai ga shi da 'yan sanda, suna bin kwatar masunta ɗaya bayan ɗaya da hoto a hannu.

Da suka nuna wa Kawu, fuskarsa ta washe.

"Awo, ni na. Kihina na kuma, ni nik kama shi."

Suka rubuta ya amsa laifi, ya dangwala yatsa da murna. Hujjarsu ke nan kaf: tallan ya ce mai kifin shi ne mai kamfanin.

Na je wurinsa a tsare, na roƙe shi ya faɗi gaskiya, don ana maganar shekaru a gidan yari. Ya ce in fita masa daga ido. Wallahi na yi kuka a hanya, haushi da tausayi suka haɗe mini.

Ranar shari'a rabin ƙauyen suka cika kwale-kwale suka zo. Alƙali ya sa aka ajiye kwamfuta gaban Kawu ya ce ya kunna. Kawu ya zagaye ta, ya tambaya ina ake zuba mata mai. Duk da haka mai gabatar da ƙara ya kafe a kan kifi. Aka kira maƙwabcin nan shaida. Da ya fahimci mai kifi ake nema, sai ya rantse bai taɓa ganin kifin ba, Kawu ne gwanin da ya kama shi. Abin da Kawu ya daɗe yana son ji ke nan, ga shi zai kai shi kurkuku.

Kawu ya dubi Inna, ƙanwarsa, tana share hawaye. Ya sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, aro niy yi."

Kotu ta kece da dariya. Alƙali ya sallame shi, ya ce a je a nemo ɓarawon gaske. Har yau ana nema.

Kawu ya sauke hoton daga bango, bai sake ba da labarin kifi ba har ya rasu. Ya taɓa ce mini zaman tsare bai yi masa zafin kalmomin nan ba. Ni kuwa na koyi cewa ɓarawon intanet ba shi da fuska, hukuma kuma fuskar da ta gani take kamawa. Shi ya sa in ɗalibaina suka ce in tsaya a ɗauke ni hoto, nakan fara ajiye duk abin da ba nawa ba.