Ƙararrawar Inna

Babanmu ya shekara talatin yana tuƙa tirela, shi ya sa har yau Direba ake ce masa. Mu dai mun tashi muna ganinsa kamar baƙo: ya kwana biyu, ya cika gida da warin gas, ya sake kama hanya. Da ciwon baya ya hana shi tuƙi sai ya buɗe ɗan shago a ƙofar gida yana sayar da baƙin mai da bel ɗin mota.

A shagon nan ciwon haɗe-haɗen kayan lantarki ya kama shi. Wani mai gyaran rediyo da ke kusa ya sayar masa da kwalin koyo, irin mai ɗan koren allo da ƙananan kaya a leda da takardar bayani. Ya haɗa fitila mai ƙiftawa, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya mu gani, har da ni da nake gidan miji da 'ya'ya uku. Daga nan sai rediyo, sai ƙaramar fanka. Yatsunsa duk tabon ƙunar dalma.

Matsala ɗaya ce. A cikin kayan akwai wasu 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa da ake kira rezista, kowacce da zoben launi a jikinta, kuma launin ne ke faɗin ƙarfinta. Baba kuwa ja da kore da ruwan ƙasa duk ɗaya ne a idonsa. Na taɓa tambayarsa yadda ya yi da danja tsawon shekaru, ya ce, "Na sama tsaya, na ƙasa wuce. Meye abin wahala?" Mai rediyo ne ke ware masa su.

Sai Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki. Tela ce, macen da a da ake jiyo muryarta daga bakin titi, amma yanzu sai ka sunkuya kafin ka ji me take cewa. Wata rana ta zame daga gado, ta yi awa guda a ƙasa tana kira, Baba na shago bai ji ba. Ni ce auta, kuma ni ce kusa, don haka na tattaro kaya na taho da niyyar sati biyu.

Baba ya ce zai haɗa mata ƙararrawa, maɓalli a gefen gado, ƙara a shago. Da zarar ta yi aiki zai koma shago ni kuma in koma gidana. Ya kwaso kayansa ya shimfiɗa a kan teburin keken ɗinkinta, ni na karɓi shagon, ga wanki ga girki ga juya mara lafiya. Tunda ba zai bar ta ya je wajen mai rediyo ba, Inna ta zama idonsa. Ya ɗaga rezista kusa da fuskarta, ta ce, "Ruwan ƙasa, baƙi, ja." Ya duba takarda, ya soka, ya narka dalma.

Sati biyu suka zama bakwai. Ƙararrawa ba ta ce uffan ba. Ya kwance ya sake haɗawa ya fi sau goma. Ni kuwa na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Bayana ya riƙe, hannuna warin baƙin mai, ƙaramar 'yata ta daina zuwa waya in an ce ga ni. Ranar wata Talata na shiga kasuwa a fusace na sayi ƙararrawar ƙofa haɗaɗɗiya, mai batir, na jefa a jaka. Na ce gobe zan manna ta, kowa ya huta.

Da la'asar na shigo da ruwan zafi, na tarar Baba ya ɗaga wa Inna wata rezista. Ina tsaye a kansu, hasken taga na kanta sosai. Kore ne zoben farko, ko makaho ya shafa zai ce kore. Inna ta ce, "Ja."

Na jira ya fita alwala, na ce, "Inna, idon ne ya fara?"

"Idona ras," in ji ta. "Ni da na shekara arba'in ina zaɓen zare?"

"To me ya sa kika ce ja?"

Ta ce, "In ta yi ƙara, tashi zai yi. Auta, tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa wuni ɗaya a gefena ba sai yanzu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sati bakwai na 'ya'yana! Na fita na same shi a bakin famfo, na ce, "Baba, ka san launin da ake faɗa maka ba daidai ba ne?"

Bai ɗago ba. Ya gama wanke ƙafa, ya ce, "Ina da mita a akwati, 'yar nan. Ita ke auna su, ba ruwanta da launi. Tun sati na biyu na auna."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Likita ya faɗa min abin da bai faɗa muku ba," in ji shi. "Amma ke ma kina da gida. In kin ce gobe, gobe za ta yi ƙara. Aikin minti goma ne."

Na koma shago na zauna a kan benci. Wani ya zo neman bel, na ba shi wanda ba nasa ba, ya dawo ya canza. Na buɗe jaka na kalli ƙararrawar da na saya, tana nan cikin ledarta, na tura ta ƙarƙashin kaya na ja zif. Sannan na kira maigidana na ce ya kawo min yaran ranar Asabar, da kayan sawarsu da yawa.

Na shiga gida na raɓe jikin tagar ɗakin Inna, ina jiyo su. Baba ya ce, "Wannan fa?"

Inna ta ce, "Shuɗi."