Tukunyar Garwashin Iya Zinariya

Kakata Iya Zinariya mai daddawa ce, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Dutse. Gajeriya, ga faɗa, ga warin kalwa da ke riga ta shiga gida. Duk wanda na tambaya labarinta, abu ɗaya yake fara faɗa: wutar murhunta ba ta mutuwa. Dahuwar kalwa sai da gungume, shi kuwa kwana yake yana ci. Lokacin Nasara bai daɗe da zuwa ba, ashana ba ta iso ƙauye ba. Matar da wutarta ta mutu sai ta ɗauki tsingaro ta nufi gidan Iya. Za ta samu, amma sai ta sha gori: "Ke kuma barcin me kike har wuta ta mutu a hannunki?"

Sai ga shekarar babbar mura, bayan an gama kaka. Mutum ya kwanta da ciwon kai, kafin a ce me, an kai shi. Dagaci ya sa aka yi shela: ba cin kasuwa, ba shiga gidan wani, wanda ya bar gari kuma ba shi ba dawowa sai an buɗe hanya. Ya zaunar da wani dattijo, Baffa Jaji, a gindin tsamiyar bakin gari da sandarsa.

Masu ƙyastun kunna wuta duk suna kwance, hannu ba ya ko ɗaguwa. Iya ta huda dangarta tana tura garwashi a tsingaro, wannan gida ya miƙa wa wancan. Da wutarta aka dama kunun marasa lafiyar unguwar nan kaf.

Amma hankalinta ba a nan yake ba. 'Yarta ɗaya tilo, Hindatu, tana aure a wata 'yar unguwa a hayin fadama, ga cikin fari ya tsufa. Ana shirin ɗauko ta goyon ciki aka rufe hanya. Iya ta riga ta tara itacen wankan jego, ta tanadi kanwa. Kullum da safe sai ta hau dutsen bayan gida ta duba hayi. In ta hangi hayaƙi a saman dabinan gidan Hindatu, sai ta ce alhamdu lillahi, ta sauko ta ci gaba da faɗanta.

Wata safiya ba hayaƙi. Washegari ma haka.

Ta yafa zane ta nufi tsamiya. Baffa Jaji ya miƙe ya gitta sanda.

"Zinariya, ni ban hana ki ba. Amma in kin haye, kin haye ke nan. Wa zai ba mutanen nan wuta?"

"Baffa, 'yar nan haihuwa za ta yi! Mai jego ba ruwan zafi, a sanyin nan? Ai kashe ta zai yi!"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe a tsaye tana kallon hanyar nan. Sannan ta juya gida, ta cika tsohuwar tukunya da garwashin gungume, ta lulluɓe da toka, ta dawo. Ta ajiye daidai inda sandar Baffa ta tsaya, ta hura ɗan kara a gefe ta zuba ɗanyen ganye, hayaƙi ya tashi sama yadda na hayi za su gani. Ta koma ba ta waiwaya ba.

Da yamma Baffa ya ɗaga murya ta kan danga ya ce an ɗauke tukunya. Wani ne ya zo da rarrafe, a lulluɓe, bai gane ko wane ne ba. Da gari ya waye sai ga hayaƙi siriri a saman dabinai.

To, hannun wa ya hura? Hindatu ce, ko mijinta Maharazu, ko wata maƙwabciya? Babu mai faɗa mata. Wata ya fita, wani ya tsaya. Ni wallahi abin da ke ɗaure mini kai ke nan: matar da ba ta iya jiran kunu ya huce, ita ce ta zauna. Kullum in ta sauko daga dutse sai ta ɗora babbar tukunya, ta tafasa ruwan jego. Ya huce ta ba awaki, gobe ta sake ɗorawa. Maƙwabta suka fara cewa Allah sarki, Zinariya ta taɓu.

Ranar da aka kaɗa gangar buɗe hanya, gari ya ruɗe, masu guɗa na yi, masu kuka na yi. Iya kuwa ba ta fita ba. Tsoron abin da za ta tarar ne ya zaunar da ita a bakin murhu.

Tana nan zaune aka yi sallama. Hindatu ce, ta rame har sai an lura ake gane ta, gwiwoyinta duk tabo, ga goyo a baya, ga tukunyar nan a ka. Maharazu ya rasu tun ranar da hayaƙi ya ɗauke. Ita kaɗai ta haihu, ita ce kuma mai rarrafen nan. Ta sauke tukunya ta kau da toka da ɗan kara, sai ga garwashi jajir. Tun ranar ba ta bar wutar ta mutu ba.

"Iya, ga wutarki."

"Ke, wa ya taɓa mayar da wuta?" in ji Iya, hawaye na zuba har haɓa. Ta miƙa hannu biyu. "Kwanto mini yaron nan. Wuce bayan ɗaki, ruwanki ya tafasa."

Yaron nan ni ne. Ita ta sa mini Albarka, sunan da ya danne na yanka har yau.