Mai Jan Baƙin Rahinatu

Rahinatu Ayuba malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare a Karaye. Duk wanda ya san ta ya san tudun da ke bayan makarantar, domin nan kaɗai waya ke kama sabis, nan kuma take tsayawa bayan la'asar da waya a kunne.

Muryar Iklima take saurare. Tun shigarsu jami'a suke karatu tare, kuma da suka fara digiri na biyu, wanda ake yi daga gida ta intanet, ba su sake tsari ba. Iklima, wadda ke aure a Aliero, ita ke buɗe kowace matsala. Sai ta aiko saƙon murya, ana jiyo hayaniyar masu ɗura albasa a buhu: "To, 'yar ƙauye, mu ɗauka ba haka ba ne, mu ga inda ƙarya za ta kai mu." Ita ke kafa layin farko, Rahinatu ta ɗora har ta kai hujja ƙarshe. Mahaifin Rahinatu, Malam Ayuba, mai tafsiri da azumi, yakan ce Iklima ce mai jan baƙi, ɗiyarsa mai fassara.

Sai ga jarrabawar baka ta matso: kowace ɗaliba ita kaɗai gaban kyamara, wadda ta faɗi kuma a sallame ta daga karatun. A makon ne aka kwantar da Iklima asibiti a Jega, ciki ya zo mata da hawan jini. Mijinta Lawali ya ce likita ya hana ta waya.

Rahinatu ta tsorata da halin da ƙawarta ke ciki. Amma ƙarƙashin wannan tsoron akwai wani da take kunyar faɗi: ba ta taɓa buɗe hujja da kanta ba. Ta zauna gaban farar takarda, layin farko ya ƙi zuwa. Ta hau tudu ta duba waya, shiru.

"Mi as same ki?" in ji Malam Ayuba, ganin ta ture tuwo.

"Baba, ba ni da mai ja mini."

"Ni ma mai ja mini ya taɓa kwantawa ana tsakar azumi," ya ce. "Na zauna gaban jama'a ni kaɗai. Sai na ji ayar na fitowa da muryatai, ba tawa ba."

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba.

Ranar jarrabawa ta jingina waya a kututturen dogon yaro bisa tudun. Farfesa ya bayyana a fuskar wayar, tabarau a karan hanci, ya karanto tambaya ya ce bismilla. Ta jawo farar takarda. Tana ta juya biro, farfesa kuma na kallon agogonsa.

"To, 'yar ƙauye," ta ji bakinta ya ce, "mu ɗauka ba haka ba ne."

Farfesa ya sauke tabarau. "Da ni kike, Malama?"

"A gafarce ni, ranka ya daɗe." Amma layin farko ya riga ya fito, na biyu kuwa aikinta ne tun fil azal. Ta ɗora har ta kai ƙarshe.

Ta ci jarrabawar. Kafin ta sauko ta aika wa Iklima saƙon murya, ta tsaya tana kallon alamar da ke nuna bai shiga ba tukuna.