Kwana Tara Ana Gyaran Takalmi

Jiya na wuce rumfar mai faci, warin tayar da rana ta gasa ya bugi hancina, sai na ga kaina zaune a zauren kakana, ƙafata ɗaya a kan cinyarsa.

Shekarar fari ce, cikin shekarun saba'in. Babana da innata sun kora 'yan shanun da suka rage zuwa kudu, suka bar ni da Kaka a ƙauyenmu, yamma da Dungas. Gida mai ɗaki shida ya koma na mutum biyu. In ka yi tari a tsakar gida, kai kaɗai za ka ji abinka. Tuwo ma a akushi ɗaya muke ci, ba mai magana.

Da bazara saƙo ya zo: sun sami wurin zama bayan Mallawa, ƙetaren iyaka, a turo ni tare da masu jakunan kanwa. Tafiyar kwana uku ce a ƙasa, cikin rairayi mai zafi da ƙaya, ni kuwa ban taɓa sa takalmi ba.

Kaka ya san hanya. Da ƙuruciyarsa shi ke kai takardun kumandan, Baturen mulki, daga Magaria zuwa ƙauyuka, har gwiwoyinsa suka gaji. Bai yarda ya auna ni da safe ba. Sai da na yini ina jan ruwa, bayan la'asar ya ce in taka wani guntun taya.

"Ƙafar yamma ta fi ta safe girma, aboki," in ji shi. Ya zagaye ta da gawayi, ya bar faɗin babban yatsansa a gaba.

Baduku ya ɗinka fatar akuya a kai, rufaffe, da maɗauri a idon sawu. Kaka ya kwance wani tsohon ƙunshi, ya fito da safa ta ulu, wadda ya samu tun zamanin aikinsa. Ya rage mata tsawo, ya mai da ɗinkin waje don kada ya ci mini yatsu. Kullum sai in sa, in je rijiya in dawo, ya cire ya duba tafina, yana latsawa a hankali.

Cikin kwana uku takalmin ya zauna mini daidai. Amma Kaka ya ce diddigen na gogawa, ya shafa man shanu. Washegari ya ce maɗaurin ya yi tsawo. Ayari ɗaya ya wuce ba ni. A rana ta tara, madugun ayari na biyu ya ɗauki takalmin, ya jujjuya shi.

"Baba, wannan ai ba shi da aibi. Gobe in Allah ya kai mu za mu tashi."

Kaka ya miƙa hannu. Ya karɓa, ya ci gaba da shafa mai a inda ya riga ya yi laushi.

Da hantsi ya raka ni da sandarsa har gindin gawon bakin gari. Ya ce in an yada zango in cire safar, in kakkaɓe rairayi, in shanya ta. Abin da ya ce ke nan. Na waiwaya sau uku, yana tsaye. A na huɗu tudu ya shiga tsakaninmu.

Ban san kowa a ayarin ba. Ina bayan jaki na ƙarshe, ina jin ƙarar takalmina. Na isa, ƙafata ba kanta, ba ƙaya. Innata ta riƙe ƙafafuna tana dubawa, ta fashe da kuka.

Kaka ya rasu kafin kaka ta yi. Sai bayan wata biyu da binne shi labari ya iske mu, a bakin wani mai sayar da kanwa.

Yanzu ɗan kabu-kabu kan kai ka can ka dawo a yini guda, silifa ma ta ishe ka. Yara na jin na ce kwana uku sai su yi dariya. Ba na jin haushinsu. Ina dai kallon baburan nan suna wucewa ta hanyar Dungas, in ce a raina da akwai su a lokacin, da na koma ko sau ɗaya na ci tuwo da shi.